Kilo Takwas da Haƙorin Kawu Alf

Shekara talatin da ɗaya Bernice Tollefson ta yi tana ɗaukar hoton haƙoran mutanen Nanaimo, a wani ƙaramin asibitin haƙori da ke hawan tudu daga tashar jirgin fito. Rabin garin nan ta san cikin bakinsu kafin ta san sunansu. Mutum zai tare ta a kanti ya gaishe ta da fara'a, sunan ya ɓace mata, amma da ya washe baki sai ta ce a ranta, af, ashe mai turmin hagu ne. Ba mace ce mai yawan dariya ba. Ba kuma fushi take yi ba, ita dai ta ga abin da ke bayan dariyar mutane da yawa.

Ranakun aiki na haƙora ne, Asabar kuwa ta teku. Ita da mijinta Lorne, makaniken jiragen da ke jan gumagumai, sun fara nutso tun 'ya'yansu suna firamare. Shi mai son kallo ne, ita mai son ɗauka. A hankali ta tara kyamararta: babba, cikin gidanta na ƙarfe mai hana ruwa shiga, da hannuwa biyu masu lanƙwasa, kowanne da fitila a kansa. Lorne ya sa wa kyamarar suna Tarakta. Kilo goma sha huɗu ce a kan tudu, kuma ba a riƙe ta sai da hannu biyu. Nauyin bai taɓa damun kowa ba, domin suna da jirgin ruwansu, kuma Lorne ne mai ɗauka.

Duk shekara idan bazara ta ƙare sai su yi arewa, kwana uku a ruwa, zuwa wani mashigi tsakanin tsibirai biyu inda ruwa ke gudu kamar kogi. A ƙasan wani dutse a wurin akwai rami, a ramin akwai kyarkecin ruwa, kifin nan mai jikin maciji da fuskar tsohon da aka tasa daga barci. Haƙorinsa ɗaya na gaba ya karkace, bakinsa ya ɗan gutsure. Ranar da Lorne ya fara ganinsa ya kusa shan ruwa don dariya, da suka fito ya ce wallahi kawunsa Alf ne, wanda ya rasu da daɗewa, har haƙorin. Tun daga nan sunan ya bi kifin. Lorne yakan ƙwanƙwasa dutsen sau uku da ƙotar wuƙa, Kawu Alf ya leƙo, su kalli juna. Matar kifin tana cikin ramin, ita ba ta cika fitowa ba. Amma da Bernice ta doso da Tarakta, fitilu biyu a buɗe kamar motar kashe gobara, sai gidan ya zama kamar ba kowa. Shekara goma sha huɗu ana haka. Tana da hoton ramin guda goma sha huɗu, dukkansu sun fito fes.

Sai idon Lorne ya fara. Irin ciwon nan ne da ke cinye tsakiyar gani ya bar gefe, ta yadda in yana son ganin fuskarka sai ya kalli kunnenka. Nutso ya ƙare, tuƙi ya ƙare, jirgin ma aka sayar wa wani mutumin Ladysmith. Likita ta gaya musu a fili cewa duhun yana faɗaɗa, abin da Lorne ya iya gani bana kada a ɗauka zai gan shi baɗi. Lorne ya yi mata godiya, ya tambaye ta ko wurin ajiye mota na asibitin kullum haka yake cika.

Bai taɓa roƙon komai ba. Sai dai wata safiya, suna shan kofi ana yayyafi, ya kalli butar shayi ya ce ko Kawu Alf yana nan da rai. Bernice ta lissafa, karo na uku ke nan a mako ɗaya. Ta ajiye kofinta ta ce za ta je ta ɗauko masa hotonsa, a wanke shi girman ƙofar firji, yadda ko da gefen ido sai ya gan shi.

"Hoton ramin?" in ji Lorne.

"Sha kofinka, tsoho."

To, ga inda gizo ke saƙar. Ba jirginsu, hanyar mota kuma ba ta kai can ba. Akwai wani masauki na masu nutso kusa da mashigin, ana zuwa da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma takardar da suka aiko ta ce kayan kowa kilo talatin, ba ƙari. Bernice ta ɗora kayan nutsonta a sikelin banɗaki, rigar da ke hana sanyi da na'urar numfashi da takalman iyo da sauransu, sikeli ya ce ashirin da biyu. Saura takwas, na kyamara da na sutura da na buroshin haƙori. Ta dubi Tarakta, Tarakta ta dube ta.

Ta tafi wurin Wendell Nakashima, mai shagon kayan nutso a bakin tasha, wanda suka san shi tun yana da gemu baƙi. Wendell mutum ne da ba ya sayar maka da abu sai ya fara gaya maka aibinsa. Ya ajiye mata guda biyu a kan kanta. Ɗaya ƙarama, girman sabulun wanka, tana shiga aljihu, ba ta kai kilo ɗaya ba. Ya ce wannan a ruwan Hawaii mai haske sarauniya ce, amma a namu ruwan, kore kuma duhu, idan aka faɗaɗa hotonta sai ya dagargaje kamar an zuba gero. Ɗayar matsakaiciya ce, gidanta na roba mai tauri, tana kama haske ko a duhu, amma da fitilu biyu da hannuwansu kilo tara ce. Da fitila ɗaya, bakwai da rabi.

Bernice ta ce ita ba ta yin hoto da fitila ɗaya, gefe ɗaya zai fito, ɗaya ya shige duhu. Wendell ya ce shi ma ba ya tafiya ba wando, amma takwas takwas ce.

Ba ta yarda da maganar baka ba, don haka ta ari duka biyun ta shiga da su ƙarƙashin gadar tasha, ta sami wata kaguwa mai haƙuri ta ɗauke ta da kowacce. Aka wanke hotunan manya, ta manna na farko a jikin firji, ta kira Lorne. Ya tsaya a gaban hoton ƙaramar kyamarar, ya juya fuska yana kallon taga, ya daɗe.

"Miyar wake ce?"

"Kaguwa ce."

"To ta dahu."

Ta manna na biyu. Ya sake kallon taga. Ya ce kaguwa ce, kuma ta rasa ƙafa ɗaya ta baya. Bernice ta duba, ta ga haka ne, ita ba ta ma lura ba. Magana ta ƙare a nan. Sabulun ya koma shago.

Makon da ya biyo baya sikelin banɗaki ya koma kicin. Ta auna safa, ta auna tawul ta mayar da shi, ta auna littafin da take karantawa ta yage rabin da ta riga ta karanta. Duk yadda ta juya, fitila ta biyu ba ta da wuri. Lorne, yana zaune yana shafa wa zoben roba mai, shi ya kawo shawara. Ya ce ai jaka ake aunawa, ba a auna mutum. Ta sa rigunan sanyinta uku a jiki, fitilar kuma ta shiga aljihun babbar riga. Ya ce haka masu hoto ke yi tun da aka ƙirƙiro jirgin sama.

Wannan zoben roba kuwa sai na ɗan tsaya a kansa. Shi ke zagaye da ƙofar gidan kyamara, shi kaɗai ne tsakaninta da teku. Gashi ɗaya in ya kwanta a kansa, ruwan gishiri ya sami hanya, shi ke nan an yi jana'iza. Shekara ashirin Lorne ne ke duba shi. Ba da ido yake yi ba tun can ma, yakan lumshe ido ya bi shi da ɗan yatsa sannu a hankali, har ya dawo inda ya fara. Tun da idonsa ya tafi sai ya ƙara ƙwarewa. Yanzu ga shi ba zai je ba. Bernice ta yi ta fama ya bi ta ko ya zauna a masaukin, ya ce shi ba zai je ya zauna bakin ruwa yana shaƙar warinsa kamar kare a ƙofar mahauta ba. Ya shirya mata kyamarar cikin gidanta, ya bar ƙofar ba a kulle ba saboda tafiyar sama, ya sa murfi a idon kyamarar don kada ya karce. Ya gaya mata ya sa. Tana auna safa a lokacin, ta ce to.

Akwai kuma wani layi a takardar jirgin da ya ce nauyin jiki. Bernice ta ciro lasisin tuƙinta ta kwafe abin da ke jiki, sittin da huɗu. Haka yake a lasisin tun da daɗewa, duk sanda aka zo sabuntawa a tambaye ta ko akwai canji, ta ce babu.

Wendell ne ya kai su tashar jirgin a motarsa, tafiyar awa huɗu da wani abu, Lorne a gaba yana gyara masa tuƙi. Matuƙiyar jirgin wata mata ce mai suna Maxine, gajeriya, da hular ulu. Da ta yi murmushi Bernice ta gane ta, haƙoran can ƙarshen baki biyu da aka cire mata a rana ɗaya. Jakunkuna suka hau sikeli, talatin cif. Sai Maxine ta ce yau jirgin ya cika, ga masu nutso biyu daga Calgary, ga kayan abincin masauki, don haka kowa ma sai ya hau. Bernice ta kalli Lorne. Lorne ya kalle ta sosai, wato ya kalli wani tsuntsu da ke kan turke.

Sikeli ya ce saba'in da shida.

Maxine ta dubi takarda, ta dubi sikeli. Ta ce riguna uku ta ba su kilo uku, ba ta da ja. Ta tambayi abin da ke aljihu. Bernice ta fito da fitilar, aka ɗora, ɗaya da rabi.

"Saura bakwai da rabi, Bernice," in ji Maxine, murya ƙasa-ƙasa. "Waɗannan naki ne, ba zan ce ki bar su a tasha ba. Amma da su na yi lissafin wurin da ya rage, kuma sun cinye shi. Fitilar ta sauka."

"Nawa ta rubuta?" Lorne ya tambaya.

Maxine ta ce wannan tsakaninta da fasinja ne. Wendell, wanda ya leƙa takardar, ya ce sittin da huɗu.

"Wace shekara?" in ji Lorne.

"Shekarar da kake da gashi," in ji Bernice. Ta ɗora masa fitilar a hannu, ta gyara masa wuyan riga, ta shiga jirgi.

Kwana biyu gare ta. Mashigin nan kuwa ba a shigarsa sai lokacin da ruwa ya tsaya, tsakanin cikar teku da janyewarta, minti ashirin ko ashirin da biyar, kuma a wannan makon sau ɗaya ne a yini yake faɗowa da rana sosai. Nutso biyu ke nan. Mai masaukin, wani dogo da bai fi kalma goma ba a yini, shi zai shiga da ita.

Ranar farko ta zauna a bakin gado da gidan kyamara a cinya. Ba ta taɓa rufe shi da kanta ba. Ta yi yadda ta ga Lorne yana yi, ta lumshe ido ta bi zoben da yatsa. Can wajen kwana ta ji wani abu siriri. Ta ciro shi, gashi ne, fari, nata. Ta sake lumshe ido ta sake zagayawa, sau biyu, sannan ta rufe ƙofar gidan kyamarar ta danna makullin, duk ido a rufe, don kada hankalinta ya rabu. Daga waje mai masaukin ya buga ƙofa ya ce ruwa, wato lokacin shiga ya yi. A gida Lorne kan ce a ɗauki hoto ɗaya a gwada kafin a tashi. Lorne yana Nanaimo.

Suka gangara cikin koren duhu har gindin dutsen. Abin da ta fara lura da shi shi ne hannunta na hagu ba ya riƙe da komai. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa zuwa wurin nan da hannu a sake ba. Ta zaro wuƙa ta ƙwanƙwasa sau uku. Ba a jima ba sai ga fuska ta fito, toka-toka, kumatu a kumbure, baki yana buɗewa yana rufewa, haƙori a karkace. Kawu Alf ya tsufa, amma shi ɗin ne. Ya fito har wuya. Ya juya mata dama, ya juya mata hagu, kamar wanda ya zo hoton fasfo. Bernice ta ɗaga kyamara, ta ga baƙi. Ta danna, baƙi. Ta juyo da gaban ta leƙa ta gilashi, sai ga murfin nan zaune a idon kyamara, lafiya lau, ba abin da zai karce shi. A ƙarƙashin ruwa ba a buɗe gidan kyamara. Sauran minti goma sha biyar ɗin ita da Kawu Alf suka yi shi suna kallon juna. Da suka fito mai masaukin ya dubi murfin ya ce kowa sai ya yi sau ɗaya. Kalma shida daga cikin goman ranar.

Washegari ta cire murfin ta jefa shi cikin takalmi. Ta duba zoben da ido a rufe, ta duba sauran da ido a buɗe, ta ɗauki hoton ƙafarta don gwaji. A gindin dutsen ta ƙwanƙwasa sau uku. Shiru. Ta jira, tana kallon agogo, ta sake ƙwanƙwasawa. Ciyayin ruwa sun fara karkata, alamar ruwa zai juya, sai ga kai ya leƙo daga bakin ramin. Ba ta tsaya tambayar suna ba. Ta dafa dutse da hannun hagu ta matso, ta ƙara matsowa, har ya rage taƙi ɗaya, domin ruwan da ke tsakaninka da abu shi ke ɓata hoto. Ta karkato da fitilarta guda daga gefe ta danna sau uku. Mai masaukin ya ja ta a kafaɗa, suka hau.

Sai a cikin jirgin dawowa ta faɗaɗa hoton a ɗan allon kyamara. Rabin fuska ya fito tas, har ɗigo-ɗigon fata ana gani, ɗaya rabin da bayan ramin duk duhu. Baki a buɗe. Ta dubi haƙoran. A jere suke, ba wanda ya karkace. Ba sai an gaya wa Bernice Tollefson ba. Matar Kawu Alf ce ta fito.

Ta yi tunanin abin da za ta ce tun daga can har gida, ba ta samu ba. Ta gaya wa Lorne cewa Kawu Alf yana nan, ta gan shi da idonta. Ya ce to madalla. Labarin murfin ta bar shi sai wata rana. Hoton dai ta kai aka wanke shi girman ƙofar firji kamar yadda ta yi alkawari, ta manna, ta kira shi.

Lorne ya tsaya ya kalli taga. Ya daɗe.

"Wannan matarsa ce."

"Na sani."

"Ta yi ƙiba."

"Kada ka fara."

Bai matsa ba. Ya ɗan juya kai ya kalli butar shayi, sannan ya kalli agogon bango, yana yawo da gefen idonsa a kan hoton. Sai ya miƙa yatsa ya ɗora a can kusurwar da ke duhu, inda fitila ta biyu za ta haska da ta samu zuwa.

"Ga shi nan a bayanta. Yana leƙe. Haka yake yi idan bai gama yarda da mutum ba."

Bernice ta ga wani ɗan fari a wurin, wanda tun a jirgi ta ɗauka datti ne a ruwa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gilashin ƙara girma da ta taho da shi daga wurin aiki ranar da ta yi ritaya, ta durƙusa a gaban firji. Aikinta ke nan shekara talatin da ɗaya, karanta fari a cikin baƙi. Ta ga gindi, ta ga karkata, ta ga ɗan gutsuren baki. A samansa kuma, da ƙyar, zagayen ido. Da ƙaramar kyamarar nan ce, da ta mayar da wurin miyar wake. Wannan ta riƙe shi.

"Shi ne," in ji ta. "Kuma haƙorin yana buƙatar a duba shi."

Lorne ya ja kujera ya zauna, fuskarsa tana fuskantar taga. Can ya ce da fitila biyu ce da ya fito sosai. Bernice ta ce da fitila biyu ce da ya sami hoton rami na goma sha biyar.

Tarakta tana nan a gareji an lulluɓe ta da tsohon bargo. Fitila ta biyu Bernice ta mayar wa Wendell, ya karɓa ya gaya mata aibin yin hoto da guda ɗaya. Da lokacin sabunta lasisi ya zo aka tambaye ta ko akwai canji, ta ce a rubuta sittin da takwas.

Hoton yana jikin firji har yanzu, gefensa ya fara naɗewa saboda tururi. Kowace safiya Lorne yakan zo ɗaukar madara, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa ƙofar firjin sau uku da bayan cokali, ya kalli butar shayi na ɗan lokaci, sannan ya buɗe.